Shafin Ƙarshe na Littafin Dodanni

Mu shida ne a zauren gidana ran nan bayan la'asar, kuma dukkanmu muna raye, wanda ya ga kamar na ƙara gishiri sai ya je ya tambaya. Akwai ni. Akwai Malam Idi, mai ɗauko mini littattafai daga Kano, yana zaune a bakin ƙofa da kwalinsa tsakanin ƙafafu. Akwai Hadiza da Nana, 'yan lakwal, wato makarantar boko, ajinsu ɗaya, ba ka ganin ɗaya sai da ɗayar. Akwai Madam Zara da ke koyar da su, ta biyo ne ta karɓi wani littafinta da na ɗinke. Sai Rabi, matar mai butik, kantin nan na bakin tasha, wadda ta shigo da mayafi a kafaɗa tana cewa ba zama za ta yi ba. Wadda ba ta nan ita ce Balkisu, 'yar ƙanin Rabi. Kwananta goma sha ɗaya a ƙauyen Kwaya, an cire ta daga lakwal an mayar da ita gidan ubanta, kuma bakina ne ya mayar da ita.

Sai dai ba za ku gane yadda aka yi ba sai kun san aikin tukuna. Ku yaran yanzu kuna wucewa ku gan ni a kan tabarma da akwatina a buɗe, ku ce Inna mai littafi ta samu sana'ar hutu, miƙa wannan, karɓi wancan. Wata ma ta taɓa ce mini, da bakinta, wai yaya wadda ba ta san bihim ba za ta yi hayar littattafai. Na ce ta ɗauko guda daga cikin akwatin ta gaya mini ko cikakke ne. Ta juya shi, ta juya, ta ce cikakke ne. Takarda biyu babu a cikinsa, ni kuwa daga inda nake zaune na gani.

A hannun Hajiya Yalwa na koya, Allah ya ji ƙanta. Ita ta fara kawo littattafan Hausa nan Magariya tun ana kallon abin kamar wasan yara. Lokacin mijina ya rasu, ina da 'ya'ya uku, na je na ce ta ba ni abin yi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta jawo wani tsohon buhu ta zazzage a gabana. Yagaggun takardu ne, na littattafai sun fi ashirin, sun cakuɗe. Ta ce in raba kowanne da danginsa. Na ce Hajiya ban yi lakwal ba. Ta ce ita ba karatu ta ce in yi ba, ido ta ce in sa. Wata guda ina kan buhun nan. A nan na gane cewa takarda ma tana da fuska. Wata fara ce tas, wata ta yi ja kamar ƙasar gona, wata rubutunta manya, wata ƙanana, wata tana da tabon manja da ya ratsa takarda biyar a wuri ɗaya, idan ka bi tabon sai ya kai ka gidansu. Sai da na shekara ina ɗaukar mata littattafai a kwando gida-gida, wurin matan da ba sa fita, kafin ta yarda na taɓa allura.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Akwai basilla ta huda, da allura, da zaren masu ɗinkin takalmi da nake murzawa da kakin zuma don kada ya yanki takarda. Akwai ƙaro da nake jiƙawa a ƙoƙo, ba na amfani da gam ɗin kanti, yana bushewa ya karye. Bango kuwa daga kwalin sukari nake yankowa. Akwai ɗan dutsen niƙan uwata, shi ke danne littafi ya kwana ya miƙe. Akwai ganyen dogon yaro busasshe da nake shimfiɗawa a ƙasan akwati. Sai tawada irin ta allo da alƙalamin kara, waɗannan kuwa nawa ne, ba Hajiya ta koya mini ba.

Ita Hajiya lambobin ƙasan shafi take bi ta san ko an cire wani abu. Ni ba ni da wannan, sai na nemi tawa hanyar. Duk sabon littafin da ya shigo hannuna, kafin kowa ya taɓa shi, ina buɗe farkonsa in duba, in buɗe ƙarshensa in duba. Sannan in rufe, in danne shi da dutse, in ja layin tawada a karkace a bakin takardun, daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa. Kowace takarda ta ɗauki ɗigonta. Idan aka cire guda, layin zai yi tsalle kamar haƙorin da ya fita. Da Hajiya ta gani, washegari na tarar ta ja wa nata duka.

Abu biyu kuma na sani da suka taimake ni shekara talatin. Na farko, littattafan Kano takarda ake ninkewa biyu a soke tsakiyarta da 'yan ƙarafa biyu, saboda haka kowace takarda tana da 'yar'uwa. Ki yage ta ƙarshe, ta farko za ta saki ta faɗo, ta tona ki. Na biyu, shafin ƙarshe na san shi kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Rubutu yana zuwa rabi ya tsaya, ƙasa fari fat, da wata kalma mai kauri ita kaɗai a tsakiya. Ban taɓa ganin littafin da ya ƙare ba haka ba. A kan waɗannan na kafa dokata, kuma kowa a garin nan ya san ta: wadda ta ɓata littafi da ruwa ko mai, in yi mata faɗa in gyara. Wadda ta yage shafi ta riƙe, ba ta ƙara taɓa littafina, kuma ba na ɓoye sunanta.

Ban taɓa karanta littafi ko guda ba, amma ba a taɓa yi mini ƙarya a kan ko yana da daɗi. Yadda ya dawo nake dubawa. Wanda ya dawo da warin hayaƙi da tabon miya, a bakin murhu aka karanta shi, an kasa ajiyewa. Wanda takardarsa ta kumbura wuri guda, an yi kuka a wurin, ko da mai shi ta rantse ba ta yi ba. Wanda farkonsa ya yi dauɗa sauran na nan fari, mataccen littafi ne, ba na sake sayen na mai shi. Akwai wata amarya a Sassumbrum da ta riƙe mini littafi wata biyu, da ya dawo, shatin lallenta na kan takarda guda kaɗai. Na ce da Hajiya a ba ta wani irinsa, wannan yarinya akwai abin da take nema a wurin nan. Hajiya ta buɗe ta karanta, ta ce wurin da uwa ta zo ganin 'yarta ne.

Mummunar shekarata ita ce wadda aka rufe iyaka. Malam Idi ya yi wata da watanni bai ƙetara ba, babu sabo ko guda, mata suna ta maimaita tsofaffi har suka haddace. Damina ta zo da ƙarfi, ɗakin da nake ajiya ya jiƙe ta ƙasa, gara ta shiga babban akwati ta gindi. Da na buɗe, na sama lafiya lau, na ɗaga guda sai hannuna ya nutse cikin ƙasa. Abin da Hajiya ta bar mini gado, fiye da rabi ya zama gari. Na zauna na tsince abin da ya tsira, na ɗinke wanda zai ɗinku, sauran na haƙa rami na binne, don ban iya sa wa rubutu wuta ba. Kafin in farfaɗo sai ga salula ta cika gari, 'yan mata suna karanta labari a cikinta. Waɗanda suka rage mini su ne matan ƙauye da cajin waya ke yi wa wuya, da 'yan lakwal ɗin da iyayensu ba su yarda su riƙe waya ba. Balkisu tana cikinsu.

Yarinya ce mai shekara goma sha biyar, siririya, ba ta da yawan magana. A gidan gwaggonta Rabi take zaune saboda lakwal, saura wata biyu ta yi jarrabawar brebe ta gama ƙaramar sakandare. Cikin duk masu ɗaukar littafina ita kaɗai ke naɗe shi da takardar kaye, littafin rubutun 'yan lakwal, kafin ta karanta. Yakan dawo ya fi yadda ya tafi tsabta, har nakan rasa abin da zan duba.

Tana zaune a zauren ranar da Malam Idi ya kawo littafin dodannin. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kaurinsa ya yi uku na wanda na saba, bangonsa kore, da wata dabba mai fuka-fukai irin na jemage, wuta na fita daga bakinta, ga 'yar yarinya a tsaye a gabanta da igiyar guga. Babu ƙarfe a tsakiyarsa, takardu ne ɗai-ɗai aka manne bayansu da gam. Malam Idi ya ce samari da 'yan mata a Kano rububinsa suke yi, da ƙyar ya samu guda. Balkisu ta matso har numfashinta na taɓa hannuna, tana cewa Inna don Allah ni ce farko. Na danne shi da dutse, na ja layina, na miƙa mata tawadar ba ta ko bushe ba. Ban buɗe farkonsa ba, ban buɗe ƙarshensa ba. Tunda na fara sana'ar nan ban taɓa tsallake wannan ba sai ranar.

Bayan kwana uku ta dawo da shi, ta tarar da Hadiza da Nana, suka tsare ta sai ta ba su labari. Ni ina ɗinki, kunnena na jinsu. Wai wani gari ne da rijiyoyinsa suka ƙafe, mutanen garin suka ce dodannin wuta ne ke shanye ruwan, suna farautarsu. 'Yar mai haƙar rijiya ta tsinci ɗan dodo da karyayyen fiffike a cikin wata tsohuwar rijiya, ta ɓoye shi, ta yi jinyarsa har ya girma. Ta hau bayansa za su je neman inda aka ɗaure gizagizai, maharba suka harbe shi, suka yo ƙasa su biyu. Nana ta dafe ƙirji ta ce sai me. Balkisu ta dubi littafin da ke hannunta, sannan ta ci gaba. Ta ce cikin tsohuwar rijiyar nan suka faɗa, nauyin dodon ya fasa dutsen da ke ƙasa, ruwa ya ɓulɓulo ya ɗago su sama. Ruwan ya kashe wutar bakinsa har abada, ƙafarsa guda ta gurgunce. Tun daga nan shi ke jan guga wa garin, yarinyar tana gaba riƙe da igiya, yana ɗingishi, idan ya kai ƙarshen igiya ya juyo da kansa ba sai an ce masa ba, yaran da suka yi ta jifansa da su ke kawo masa harawa. Nana ta yi kuka. Hadiza ta fizge littafin daga hannun Balkisu ta ce ita ce ta biyu.

Kwana biyu suka dawo su biyu, fuska a murtuke. Hadiza ta ajiye shi a gabana ta ce babu ƙarshen. Suna cikin faɗowa daga sama labarin ya tsaya, babu rijiya, babu ruwa, babu komai. Na duba layina, bai yi tsalle ba, amma na san idan daga can ƙarshe aka cire, layi gajarta kawai zai yi, ba zai nuna ba. Na ja takardar farko, ba ta saki ba, amma wannan ba mai 'yan'uwa ba ne, gam ne, ana zare takarda ba ta bar alama. Na buɗe shafin ƙarshe. Rubutu ne cike har ƙasa, babu fari, babu kalma mai kauri. Na ce a raina an zare. Wadda ta zare ba za ta kawo ƙara da kanta ba. Saura wadda ta san abin da ke cikin takardun da babu.

Na aika aka kira Balkisu. Akwai mata huɗu a zauren, ban sallame su ba. Na tambaye ta ina sauran. Ta ce, "Inna, ban cire komai ba." Na ce to rijiyar da ruwan da gurgun dodon, a ina ta gan su. Ta dubi Hadiza, ta dubi Nana, ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, ba ta ɗago ba. Na ce ta fita, kada ta ƙara tako mini zaure, ɓarauniyar shafi.

Littafin kuwa sai ya yi farin jinin da babu wanda ya taɓa yi. Kowa na son ganin littafin da aka sace wa ƙarshe, kuma kowa da abin da yake faɗa. Wata hajiya ta mayar da shi kwana guda, ta ce littafi har littafi babu aure babu ko gaisuwar surukai, wane ne ya aike su. Matar wani malami ta ce mai rubutun ta ji tsoron Allah, dabbar da ke aman wuta ba abokiyar ɗan Adam ba ce, amma sai da ta kai ƙarshe kafin ta faɗi haka, na gani a takardun. Ɗanta mai kiwon shanu ya sa aka karanta masa, ya aiko a tambaye ni me dodon ke ci da rani. 'Yan lakwal suka rabu biyu. Wasu sun ce yarinyar jaruma ce, wasu sun ce marar tausayi ce, ta bar uwarta da tulu babu ruwa ta tafi yawon sama. Abu guda suka haɗu a kai: duk wadda ta gama sai ta nemi Hadiza ta ba ta ƙarshen da aka sace, kuma duk sun ce nan ne daɗin littafin yake. Gidan da littafin ya shiga kuwa, sunan Balkisu ya shiga tare da shi.

Haka maganar ta kai butik. Mijin Rabi dama yana ƙorafin sabulu da madara suna ɓacewa, sai ya samu inda zai rataya. Ya ce yarinyar da Inna mai littafi ta kira ɓarauniya ba za ta kwana a gida mai kanti ba. Rabi ta zo ta same ni, ta durƙusa, ta ce, "Inna, kin tabbata? Jarrabawarta ta kusa." Na ce da ita shekara talatin ban taɓa kuskuren shafi ba. Ta tashi ta tafi. Ranar kasuwa aka ɗora yarinyar a amalanken jaki da jakarta.

To mun dawo ranar da na fara da ita. Dama na sa Malam Idi ya nemo mini wani cikakke, shi ne ya kawo, a cikin ledarsa, ba a taɓa buɗewa ba. Hadiza da Nana sun ji labari sun zo su ga ƙarshen da idonsu. Na yage ledar. Na ɗauki tsohon a hannun hagu, sabon a dama. Hannuna ya gaya mini tun kafin idona, amma ban yarda ba. Na jera su a ƙasa, na danne da dutse, na shafa da yatsa. Kai ɗaya, babu wanda ya ɗara wani ko da takarda guda. Na buɗe shafin ƙarshe na sabon. Rubutu cike har ƙasa.

Na miƙa wa Madam Zara duka biyun, na ce ta karanta mini layin ƙarshe na kowanne. Ta karanta na tsohon, ta karanta na sabon. Magana ɗaya ce, iska na kaɗa kunnen yarinyar, ƙasa na tahowa.

Malam Idi, da bai san abin da ake ciki ba, ya yi dariya ya ce ai haka yake, a Kano ma tsine wa mai rubutun ake ta yi, ta bar mutane a rataye, wai na biyun ba a buga ba tukuna. Ya ga babu wanda ya taya shi dariyar, ya haɗiye ta.

Nana ce ta fara magana, da wata ƙaramar murya. Ta ce to rijiyar fa. Madam ta tambaya wace rijiya, Hadiza ta ba ta labarin tun daga faɗowa har gurguwar ƙafa, da jan guga, da yadda yake juyowa da kansa idan igiya ta ƙare. Ban ga lokacin da Rabi ta zauna ba, sai ganinta na yi a ƙasa, mayafin ya zame.

Ta ce, "Wannan ai bijimin ƙanina ne. Gurgu ne, tun yana maraƙi ya faɗa rami. Shi ke jan guga a rijiyar bayan gidanmu a Kwaya, ita ke riƙe masa igiya tun tana 'yar shekara bakwai."

Daga nan kowa ya kama magana. Nana ta ce ashe ƙarya ta yi musu, ta sa ta kuka a kan abin da babu. Hadiza ta ce ƙarya ko ba ƙarya ba, ita ko na biyun ya fito ba ta so, na Balkisu ya ishe ta, kuma da Balkisu ta faɗi gaskiya ran nan su biyun ne za su fara yi mata dariya, Nana ta san haka. Madam Zara tana ta juya littafin, ta ce shekara nawa tana roƙon 'yan ajinta su rubuta mata layi goma daga kansu, ga wadda ta ƙarasa littafi guda a tsaye, gari ya ɗauka, ita ba ta sani ba, alhali yarinyar na zaune a bencin bayan ajinta. Ta ce idan yarinyar ta dawo cikin satin nan za ta iya cim ma jarrabawa, idan ya wuce haka ba ta yi alkawari ba. Rabi ta ce mijinta ba zai saurare ta ba, ba zai saurari Madam ba. Bakin da ya faɗa shi zai janye, kuma a inda mutane za su ji. Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka, su ma sauran ba su dube ni ba.

Ni abin da na yi, na ɗauki sabon, na buɗe farkonsa na duba, na buɗe ƙarshensa na duba, na danne, na ja layi. Na tambayi Madam ko tana da sabon kaye a jakarta, da bik, wato biro. Ta ba ni. Na ce su tashi, magariba ta yi.

Washegari da na idar da sallar asuba na zare takardu goma sha biyu daga kayen, na yanke su daidai da tsohon littafin, na huda, na ɗinke su a bayansa da zare mai kaki, na shafa ƙaro, na mayar da bango. Na jira har rana ta fito, lokacin da bakin tasha ke cika da masu shan shayi da direbobi. Na tsaya a ƙofar butik, ban shiga ba. Na yi sallama da ƙarfi, na kira mijin Rabi da sunansa. Na ce Balkisu ba ta ɗauki komai nawa ba, littafin haka aka buga shi, ni ce ban duba ba, na yi mata ƙazafi a gaban mutane, ga shi ina janyewa a gaban mutane. Na ce sabulunsa kuma ya nemi ɓarawonsa a wani wuri, don yarinyar ta yi kwana goma sha biyu ba ta nan, ya faɗa wa jama'a ko ya daina ɓacewa. Wani direba ne ya amsa a madadinsa. Na ce a share ɗakinta, da ita zan dawo.

Na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, ni da ban yarda da moto ba, kwandona a cinya, har Kwaya. Ban same ta a gida ba, aka nuna mini bayan gari. Tun daga nesa na hango bijimin, fari, yana ɗingishi, ya kai ƙarshen igiya ya juyo da kansa. Tana gabansa. Ubanta na bakin rijiya yana karɓar guga. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da na faɗa a tasha, kalma ba ta canza ba, matan da ke ɗibar ruwa suna ji. Sannan na juya wurinta na ce ta yafe mini. Ta ce, kanta a ƙasa, ita ma ta yi ƙarya. Na ce wannan tsakaninta da Nana ne, ta je ta haɗa kayanta, mai moto na jira.

Kafin ta tafi na ciro littafin na buɗe mata bayansa, ta ga fararen takardun. Na sa mata bik ɗin a hannu. Na ce bayan jarrabawa, ba kafin ba, ta rubuta abin da ta faɗa musu, da rijiyar da ruwan da ƙafar, kada ta rage komai, don da shi za a riƙa ba da hayarsa. Ta shafa ɗinkin da yatsa, ta tambaya ko duka za ta cike.

Na ce, "A'a. Ki bar mini rabin shafin ƙarshe fari, in san ya ƙare."